Lahadi a zauren ƙauye: wasan tunawa da manajanmu

Yau kulob ɗinmu ya yi wasan tunawa da tsohon shugabansa, dattijon da ya rasu a farkon kakar nan bayan ya daɗe yana riƙe da shugabanci, yana kuma manajan tawaga. Wurin zauren taro ne na wani ƙauye a kudancin Ingila. Wasan kuwa bols ne na gajeren kafet, inda ake mirgina ƙwallaye don su tsaya kusa da wani ɗan ƙaramin ƙwallo da ake kira jak, wanda aka fi yi lokacin hunturu, in sanyi da ruwa sun hana fita filin ciyawa. An kira mutane ƙarfe 10 na safe, amma ƙwallo bai mirgina ba sai wajen 11, don shimfiɗa kaɗai ta cinye awa guda. Da can shi ke sammako ya gama ta kafin kowa ya iso, shi ya sa da yawanmu ba mu san nauyinta ba.

Kafet ɗin tsawonsa ƙafa 40 zuwa 45 ne, faɗinsa ƙafa 6, bayansa soso, ana ajiye shi a naɗe. Daɓen zauren katako ne, kuma babu daɓen ƙauye da yake a miƙe sak. In aka gusar da kafet ko da inci kaɗan daga mazauninsa, hanyar da ƙwallo ya saba bi sai ta sauya: jifan gefen da ke lanƙwasa sosai ya miƙe, ɗayan ya riƙa zamewa waje. Marigayi ya manna ƙananan alamu na salatif a ƙasa, daidai kusurwoyin kowane kafet, to da aka sake goge daɓen aka shafa masa fenti sai alamun suka tafi. Abin da ya cece mu yau shi ne littafinsa da iyalinsa suka kawo. A ciki ya rubuta nisan kowane kafet daga bango, da gefen da ke fuskantar ƙofa, da wurin da daɓen ya ɗan lotsa kusa da bututun ɗumama ɗaki.

Akwai wasu ƙa'idoji nasa a littafin da na ga ya dace in kwafe. Bayan an warware kafet a bar shi ya huta kamar rabin awa, domin bakin da ke can cikin naɗi yakan tashi, kuma ƙwallo mai sanyin gudu in ya hau wurin sai ya kauce. Kada a riƙa fara naɗi daga baki ɗaya kullum, a riƙa sauyawa. A bi shi da injin zuƙe ƙura kafin wasa, ba bayan wasa kaɗai ba, don tsakuwa ɗaya daga takalmin wanda ya ratsa zauren ta isa ta ɓata jifa. Ba mai taka kafet sai da takalmi mai shafaffen ƙasa wanda bai fita waje da shi ba.

Sai katakai. A kowane ƙarshe akwai shingen katako, tsakaninsa da layin rami inci 12, wannan ɗan filin da ke tsakaninsu shi ake kira rami. A tsakiyar kafet kuma ana gicciye katako mai tsawon inci 15, kuma duk ƙwallon da ya taɓa shi ya mutu, a ɗauke shi. Amfaninsa shi ne ya hana mutum wurgo ƙwallo a miƙe da ƙarfin tsiya ya tarwatsa abin da wasu suka gina. Dole ka kewaye shi, ka dogara ga karkatar ƙwallonka, wadda daga sassaƙar jikinsa take, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. A kafet na biyu yau an ajiye katakon ya ɗan zarce gefe guda, aka yi zagaye biyu mutane na ta bugunsa ta hannun dama kafin wata dattijuwa ta sa a auna. Laifin ba na hannun kowa ba ne.

An yi wasan ne huɗu-huɗu, kowa da ƙwallo biyu, an gauraya tsofaffin hannu da sababbi kamar yadda yake so. Sababbin sun yi kurakuran da aka sani. Wani ya riƙe ƙwallo ƙaramar da'irar da ke zane a jikinsa tana kallon waje, ƙwallon ya juya baya ga jak ya fice daga kafet. Ƙaramar da'ira ita ce gefen da zai karkata, don haka ciki take kallo. Wasu kuma tsoron rami ya sa suka rage ƙarfi har ƙwallonsu bai tsallake layin mutuwa ba, wanda ke ƙafa 9 kafin layin rami. Wanda bai tsallake shi gaba ɗaya ba ba ya cikin lissafi.

Gardama ɗaya aka yi, a kan alli. Ƙwallon da ya taɓa jak a tafiyarsa ta farko ana yi masa alama da alli kafin na gaba ya tsaya, kuma ko an tura shi rami daga baya yana nan da rai. Yau ƙwallon wani ya taɓa jak, ba a sa masa alli ba, aka buge shi ya faɗa rami, aka ɗauke. Hukuncin daidai ne, ko da yake ya yi wa mai ƙwallon ciwo. Marigayi ba ya bari a fara wasa sai ya ga alli a aljihun kowane kyaftin da mai jifa na uku a tawagarsa, da ma'auni da 'yan ƙusoshin roba na tokare ƙwallon da ya jingina kafin a auna.

Lokacin shayi aka yi shiru na minti ɗaya, sannan waɗanda suka yi wasa a ƙarƙashinsa a tawagar gunduma suka yi magana. Wasan ya yi ƙarfi ne a Ailan tun kafin Ingila, ƙungiyarsu ta can ta kafu a 1961, ta Ingila kuma a 1984, ita ce ke shirya gasar gundumomi. A wannan gasa tawaga mutum 20 ce: masu wasan ɗai-ɗai biyu, bibbiyu kashi biyu, uku-uku kashi biyu, huɗu-huɗu kashi biyu. Cike waɗannan gurabe shi ne aikin manaja, ga lissafin motoci da 'yan jiran ko-ta-kwana da rajistar kowa. Masu maganar sun ce marigayi ba ya zaɓen mutum don ya yi fice a kafet ɗin gidansu. Yakan tsaya ne ya ga yadda yake yi a baƙon wuri, a zagayen gwaji, ko yana saurin gane kafet mai santsi da mai nauyi. Na farko a jeri yana son mai natsuwa da zai ajiye ƙwallo ɗaya kusa da jak, ɗaya a bayansa, ba mai neman burgewa ba. Na uku dole ya iya awo, ya kuma iya gaya wa kyaftin gaskiya. Ya sha raba gwanaye biyu don ya lura ba sa sauraron juna, kuma wanda ya ajiye yakan kira shi da kansa ya faɗa masa dalili kafin jerin sunaye ya fito.

Da yamma kwamiti ya zauna ya raba aikinsa gida uku: mai kula da kayan wasa da shimfiɗa, mai rajista da kuɗin haya, da mai zaɓen tawaga. Biyun farko sun sami masu ɗauka nan take, har an nemi izinin masu zauren a sa alamun kusurwa na dindindin. Na ukun ne aka tashi ba a daidaita ba, wasu na cewa a riƙa ƙuri'a. Ni dai ban goyi bayan haka ba. Ƙuri'a tana bin wanda ake so ne, kuma in aka ajiye mutum ba wanda zai kira shi ya ce ni na yanke. An ɗage maganar zuwa ranar Laraba, kafin wasanmu na waje, kuma an ba sakatariya littafin ta kwafe shi kashi uku.