Yadda Na Bi Sawun Baƙin Ramin da ke Bayan Gungun Abell 2744

A watan Nuwamba na shekarar 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar da gano wani baƙin rami, wato wuri a sararin samaniya mai tsananin jan nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, a bayan gungun galaksi na Abell 2744, a tsakiyar galaksin (dandazon taurari) da ake kira UHZ1, wanda haskensa ya taso tun sararin samaniya yana da shekara miliyan 470 kacal da samuwa. Da yake ana sakin bayanan na'urar hangen nesa ta James Webb ga kowa a rumbun MAST da ke Baltimore a Amurka, sai na ƙudiri aniyar sauke su a kwamfutata domin in duba wurin da idona.

Fayilolin suna zuwa ne a tsarin FITS, kowanne ɗauke da hasken da ya ratsa mataci guda na kyamarar NIRCam, kuma nauyinsu ya sa sai da dare nake saukewa saboda tsadar data. Da na buɗe na farko a manhajar DS9, allon ya fito baƙi ƙirin in ban da 'yan ɗigo, har sai da na gyara ma'aunin haske sannan dubban galaksi suka bayyana. Launi kuwa ni na saka shi. Webb tana ɗaukar hasken infared ne, wanda idon mutum ba ya gani, don haka ƙa'idar ita ce a bai wa haske mafi tsawon zango ja, mafi gajarta kuma shuɗi. Tun daga ranar na daina yi wa hotunan da ake bugawa kallon hoton kyamarar waya.

Taurarin da ke kusa da mu ba su da wuyar ganewa, domin kowanne yana fitar da manyan tsinkaye shida da ƙanana biyu, sakamakon siffar madubin na'urar mai ɓangarori 18 da sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubinta. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne siraran layukan da suka lanƙwashe kewaye da tsakiyar gungun. Abell 2744 yana nesa da mu da tafiyar haske ta kimanin shekara biliyan 3.5, kuma nauyinsa, wanda mafi yawansa na wani abu ne da ba ya fitar da haske, yana tanƙwara hasken galaksin da ke bayansa, kamar yadda gindin kofin gilashi ke miƙar da rubutu ya kuma ƙara masa girma. Wannan ne ya ninka hasken UHZ1 kusan sau huɗu.

Da na shigar da lambobin matsayinsa, abin da na tarar ɗan tabo ne dishi-dishi, babu wata alama a jikinsa da ke nuna baƙin rami. Hujjar ta fito ne daga wata na'urar hangen nesa mai suna Chandra, wadda aka harba a 1999, bayan ta shafe sama da mako biyu tana kallon wurin har ta tsinci hasken eksire na iskar gas mai tsananin zafi da ke afkawa cikin ramin. Aikin yana da wuya, domin shi kansa gungun cike yake da gas mai zafi da ke fitar da irin wannan haske, sai an cire nasa kafin a ga na bayansa. Shi ya sa yanzu duk labarin da na karanta nake fara tambayar wace na'ura ce ta ga me.

Masu binciken sun ƙiyasta nauyin ramin tsakanin ninkin Rana miliyan 10 zuwa miliyan 100, kusan daidai da nauyin dukkan taurarin galaksin, alhali a galaksin da ke kusa da mu galibi nauyin rami kusan kashi ɗaya cikin dubu ne kacal na nauyin taurarin. Suna ganin hakan na goyon bayan ra'ayin cewa wasu ramukan sun samu ne kai tsaye daga ruftawar babban gajimaren gas, ba daga mutuwar tauraro ba. Bayanin yana da ƙarfi, amma a ganina ƙiyasin da ke da tazarar ninki goma, a kan galaksi guda, yana buƙatar a samo wasu irinsa kafin a rufe maganar.