Abin da na koya wurin masu jan karnukan farauta a Ingila

Lokacin da nake karatun kiwon dabbobi a Ingila an tura mu koyon aiki, ni sai na faɗa gidan karnukan farautar yanyawa, irin wadda ake yi a kan doki. Garke guda ne na karnuka, kuma bibbiyu ake ƙirga su, in ka ji an ce sha biyar da rabi to kare 31 ke nan.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da ƙaho, shi ne jagora. Ya san kowane kare da sunansa, har da muryarsa in ya yi haushi a cikin kurmi, don shi ke fita da su tattaki kullum da asuba ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, wannan sabon shi ya sa suke bin sa in an shiga daji.

Amma ni aikin mataimakinsa ne ya fi tsaya min a rai, wato mai doguwar bulala da ke zagayawa ta gefe. Ka'idarsa ɗaya ce, ba ya jawo kare zuwa wurinsa. In ɗaya ya ɓalle ya bi barewa ko ya nufi titi ko tumakin manomi, sai ya zaburi doki ya sha gabansa, ya kira sunansa da tsawa, ya kaɗa bulala a iska ta yi ƙara, ya kora shi wajen mai ƙaho. Da wuya ka ga ta taɓa jikin kare. Na taɓa tambayar dattijon gidan, na ce ranka ya daɗe me zai hana mataimakin ya riƙa lallashinsu shi ma, ya ce yaro ai in suka saba da murya biyu garken ya rabu ke nan.

Tun da dokar farauta ta 2004 ta fara aiki a Fabrairun 2005 aka hana sakar wa yanyawa garken karnuka a Ingila da Wales, sai aka koma jan tsumma mai ƙamshi a ƙasa karnukan suna bi. Wallahi wannan ya ƙara wa mataimaki nauyi, don hancin kare bai san doka ba, da ya ji yanyawa ta gaske dole a tare shi nan take, kuma a kan wannan gaɓar ne masu kare haƙƙin dabbobi ke zargin wasu ƙungiyoyin farauta da kau da kai da gangan.

Yanzu da nake mataimakin manaja a wata gona, in ma'aikaci ya kawo min maganar da ta shafi oga ba na yanke hukunci, raka shi nake yi har ofishinsa.