Fitsarin da ya yi baƙi a bakin taga

Wata Talata ce cikin watan zafi, ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Gombe, can wajen Jekadafari, sai ga wata dattijuwa da jikanta ɗan wata takwas a goye. Daga wani ƙauye a yankin Dukku suka taso, da takardar gwajin fitsari a hannu. Kafin in karɓi takardar ta kwance leda ta zaro tsummokaran kunzugu uku, kowanne da tabo kamar an zuba masa baƙin shayi ya bushe.

"Ɗana, duba min wannan. Yaro lafiyarsa lau, yana shan nono yana wasa, amma duk abin da ya yi wa fitsari sai ya koma haka. In na wanke da sabulun soda ma ƙara baƙi yake. A gida an ce sammu ne."

Na ce, "To Inna, bari mu gani." Gaskiya kunnena ne kawai ya ji maganar sabulun, ban ɗauke ta da muhimmanci ba, alhali ita ce rabin amsar.

Fitsarin da muka tara bai nuna komai ba, ruwan ɗorawa ne kamar na kowane jariri. Na zuba masa ruwan Benedik, wanda ake gwajin suga da shi, na ɗora a wuta, sai ya juye ya yi wani kore mai duhu, da guɗaji a ƙasa. Nan take na rubuta akwai suga. Allah ya taimake ni ogana ya leƙo kafin takardar ta fita. Ya tsoma tsinken gwajin suga a sauran fitsarin, tsinke bai canza ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ruwan Benedik ba suga kaɗai ke juya shi ba. Ka kusa ɗora wa jariri ciwon da ba shi da shi." Kunya ta kama ni. Shi tsinken, sugan gulukos kaɗai yake gani, shi kuwa Benedik akwai wasu sinadarai ban da suga da ke juya shi.

Muka bar kwalbar a bakin taga. Kafin la'asar saman fitsarin ya fara duhu, duhun yana sauka ƙasa a hankali, daga inda iska ke taɓawa. Na ɗiga masa ruwan soda, ya koma baƙi kafin in ajiye kwalbar. Sai a lokacin darasin da na haddace don jarrabawa na manta ya dawo min: homojentisik asid, da cutar da ake kira alkaptonuriya.

Daren nan na koma littattafaina. Abin ya fi sauƙin fahimta idan ka taɓa ganin yadda mata ke aikin ƙuli-ƙuli: wata ta ɓare gyaɗa, wata ta soya, a kai niƙa, a dawo a matse mai. Haka jiki yake yi da wasu sinadarai biyu da ke cikin nama, wake, ƙwai, gyaɗa da madara, wato fenilalanin da tayirosin. Na farkon yakan koma na biyun. Jiki ya ɗebi abin da yake buƙata na tayirosin ya yi sinadaran maƙoshi, da adirenalin, da launin fatarmu. Ragowar kuma a hanta ake rushe ta, da ɗan taimakon ƙoda, mataki bayan mataki, kowane mataki da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ke gudanar da aikin wannan matakin. A tsakiyar wannan layi homojentisik asid yake fitowa. A jikin mai lafiya ba ya daɗewa. Wani enzayim mai suna HGD, wanda ke aiki da sinadarin ƙarfe da iskar oksijin, yakan fasa zoben da ke jikinsa, bayan matakai biyu kuma ya zama fumaret da asito'asitet, waɗanda jiki ke ƙonawa ya samu kuzari. Kenan a jikin mutum zango ne kawai, ba masauki ba.

Yaron Inna mai niƙan ce, wato HGD, ba ta zo aiki ba. Soyayyar gyaɗa sai taruwa take. Ƙoda na ta kwashewa tana zubarwa, har babban mutum mai wannan lalura yakan fitar da giram da yawa a rana. Da ya haɗu da iska, balle a samu soda ko toka, sai ƙwayoyinsa su harhaɗu su yi baƙi. Wankin da Inna ke yi da sabulun soda gwaji ne cikakke, ta riga ni yinsa da watanni.

Wani likitan Ingila, Archibald Garrod, shi ya gano a 1902 cewa gadon abin ake yi. Ya lura da yawan masu shi iyayensu 'ya'yan wa da ƙani ne. Sai a 1958 aka tabbatar enzayim ɗin hanta ne ya ɓace, a 1996 kuma aka gano ƙwayar gadon, wadda ke kan kuromosom na 3. Tsarinsa ɗaya da sikila: sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, sannan kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu. A duniya bai fi mutum ɗaya cikin 250,000 zuwa miliyan ba, sai a ƙasar Sulobakiya ta Turai da ya kai kusan ɗaya cikin 19,000.

Da Inna ta dawo washegari na tambaye ta ko iyayen yaron 'yan uwa ne. Ta ce auren zumunta ne, ita da kanta ta haɗa. Na ga fuskarta ta sauya, na gane na yi gaggawar tambayar. Da na fara gaya mata ba sammu ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne, sannan in tambaya.

Ban ɓoye mata sauran ba. Yarinta takan wuce lafiya. Wajen shekara 30 ne abin da ya rage a jiki yake fara lafewa a guringuntsi, kunne ya yi shuɗi-shuɗi, farin ido ya yi ɗigo, ƙashin baya da gwiwa su sandare, wasu har da tsakuwar ƙoda. Likitoci na kiran wannan okoronosis. Irin sunan nan ake ba wa baƙin tabon da man bilicin mai haidurokwinon ke bari a kumatu, wanda ba sai an je Turai ake ganinsa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a karatun shi ne tsirrai. A wurinsu homojentisik asid jari ne, da shi suke yin bitamin E da wani sinadari da ganye ke buƙata wajen sarrafa hasken rana. Shi ya sa wasu magungunan feshin ciyawa ke toshe enzayim ɗin da ke samar da shi, ciyawa ta yi fari fat ta mutu. Daga binciken irin wannan feshi aka samo nitisinon, maganin da Tarayyar Turai ta amince a ba manya masu alkaptonuriya a 2020. Ba ya dawo da mai niƙa, mai suya yake dakatarwa. Sai dai tayirosin kan hauhawa a jini har ya taɓa ido, don haka sai da sa idon likita.

Muka rubuta abin da muka gani, muka tura su wurin likitan yara, domin tabbatarwa na buƙatar na'urar da ba mu da ita. Na roƙe ta kada a hana yaron nono ko a rage masa abinci da sunan magani.

Bayan mako biyu ta sake zuwa, da fitsarin yayar yaron a kwalbar magani da ta wanke. "Ɗana, ajiye min wannan ma a tagar taka." Na ajiye. Ta shimfiɗa ɗankwali ta yi azahar da la'asar a barandarmu, tana leƙowa. Har muka rufe ɗakin da magariba, ruwan ɗorawa ne.