Dalilin da ya sa Rasha ta sayar da Alaska a kan senti biyu kowace eka

Da wuya zancen Rasha da Amurka ya taso a teburin mai shayi a Gombe, ko a rumfunan Tudun Hatsi bayan la'asar, a rasa wanda zai ce Rashawa sun tafka wauta da suka sayar wa Amurka Alaska, yankin da ke ƙuryar arewa maso yammacin nahiyar Amurka ta Arewa. Wani kuma ya ce ai haya ce ta shekara 99, wa'adi ya cika Amurka ta hana. Wannan na biyun a ajiye shi gefe. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Washinton ran 30 ga Maris 1867 sayarwa ce ta dindindin, babu haya ko jingina a cikinta. Kuɗin dala miliyan 7.2 ne, ƙasar kuma kusan murabba'in kilomita miliyan ɗaya da rabi. Ta fi Nijeriya sau ɗaya da rabi, ta fi jihar Bauchi sama da sau talatin.

Batun wauta kuwa, sai an duba abin da Rasha ta mallaka a wurin a lokacin. Tun bayan tafiyar da matuƙin jirgin ruwa Bering ya yi wa Rasha zuwa gaɓar Alaska a 1741, abin da ya ja Rashawa can shi ne fatar wata dabbar teku mai kama da tunku, mai gashi mai laushi, wadda Sinawa ke saye da tsada a kasuwar Kiyakta da ke kan iyakar Rasha da Sin. A 1799 aka kafa Kamfanin Rasha da Amurka, aka damƙa masa ciniki da mulkin yankin baki ɗaya. Farautar ma ba Rashawa ke yi ba, mutanen tsibiran Alut ake tilasta wa shiga teku da ƙananan kwalekwalen fata. Matsalar wannan dabba ita ce ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda. Ana kashe ta da dubbai, ita kuma tana maye gurbi ɗaya-ɗaya, don haka kafin tsakiyar ƙarni na 19 ta yi ƙaranci sosai. Kamfani ya koma neman na rufin asiri ta wasu hanyoyi: shigo da shayi daga Sin, haƙar kwal da bai yi riba ba, har da yankan ƙanƙara ana loda ta a jirgi zuwa San Faransisko. A ƙarshe sai da gwamnati ta riƙa ba shi tallafi.

Sai abinci, wanda a ganina shi ne ya fi nuna raunin riƙon. Alkama ba ta yi a Sitka, hedkwatar yankin. Dole a kawo gari da nama da gishiri ko dai ta jirgin ruwa daga gaɓar Baltik, a kewaye rabin duniya na tsawon watanni, ko kuma a bi ta Saibiriya da dawakai har tashar Okotsk sannan a tsallaka teku. Sun gwada buɗe gona a Kalifoniya a 1812, wurin da ake kira Fort Ross, amfanin bai taka kara ya karya ba, suka sayar da ita a 1841. Tun 1839 ma sun riga sun ba kamfanin Ingilishi na Hudson's Bay hayar wani zirin gaɓar teku, cikin sharuɗɗan har da kawo musu abinci. Wato maƙwabcin da suke tsoro shi ke cika musu rumbu. Duk manomin da gonarsa ke nesa, kuɗin mota ya fi abin da ake girba, ya san wannan lissafi.

Yawan Rashawan da ke zaune a wannan ƙasa mai faɗi bai taɓa kai dubu ɗaya ba. Ƙabilar Tilingit, 'yan asalin wurin, ta ƙone sansaninsu a 1802, sai a 1804, shekarar da aka fara jihadi a ƙasar Hausa, suka sake kama Sitka da taimakon jirgin yaƙi. Ko bayan haka zaman bayan katanga suka ci gaba da yi, cikin ƙasar kuwa akasarinsa sunan mallaka ne a kan taswira.

Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856 shi ya tona asirin komai. Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka kayar da Rasha, jiragen ruwan Ingila da Faransa har suka kai hari Petropavlovsk a yankin Kamchatka a 1854. Alaska ta tsira ne kawai don kamfanonin biyu, na Rasha da na Ingila, sun daidaita cewa kada yaƙi ya shafi wurarensu. Babu tabbacin a sake samun irin wannan alfarma, ga Kanada ta Ingila manne da iyaka. A 1857 ƙanin sarkin Rasha, Yarima Konstantin, ya rubuta wa ministan harkokin waje Gorchakov cewa gara a sayar wa Amurka tun tana son saye, domin ko ba a sayar ba wata rana za ta karɓe. Dabarar dillalan shanu ce: saniyar da ka ga alamar ba za ta kai damina ba, a kai ta kara tun tana tsaye da ƙafarta.

Masu cewa Rashawa ba su san akwai zinariya ba su ma sun yi kuskure. Wani injiniyansu, Doroshin, ya ga ɓurɓushinta a yankin Kenai wajen 1850. Abin tsoro ne a wurinsu. Sun ga yadda dubban mutane suka kwarara Kalifoniya bayan 1848, da kogin Fireza na Kanada a 1858. Idan irin wannan tururuwa ta nufo Alaska, wa zai tare ta? Ga baitulmali a bushe bayan yaƙi, ga nauyin 'yantar da manoman da ke ƙarƙashin bauta a 1861. Sannan hankalin Rasha ya riga ya koma kogin Amur, inda ta samu ƙasa daga Sin ta yarjejeniyoyin 1858 da 1860, ta kafa Viladibostok. Can ana noma, kuma soja na iya isa da ƙafa.

Yaƙin basasar Amurka ya jinkirta magana har 1865. A Disambar 1866 Sarki Alekzanda na biyu ya amince, aka umarci jakadansa Eduard de Stoeckl kada ya sallama ƙasa da dala miliyan biyar. Sakataren harkokin wajen Amurka William Seward ya matsu da cinikin, shi ya sa jakadan ya ja farashi har miliyan 7.2, aka kwana ana rubutu, aka sa hannu da asuba. Majalisar Dattawan Amurka ta amince ran 9 ga Afrilu da ƙuri'a 37, biyu suka ƙi. Majalisar Wakilai, wadda kuɗi ke hannunta, ta ja ƙafa har Yulin 1868, kuma an daɗe ana zargin sai da jakadan ya shafa wa wasu mai a baki.

Ran 18 ga Oktoba 1867 aka miƙa ƙasar a Sitka, tun kafin a biya ko sisi. Da aka zo sauke tutar Rasha sai ta sarƙe a jikin sanda, aka tura soja ya hau ya kwance ta, ta faɗo kan tsinin bindigogin sojojin da ke tsaye a ƙasa. Kalanda ma ta rikice, domin an bar ƙidayar Rasha an koma ta Amurka: mutanen gari suka kwanta barci ran Juma'a 6 ga wata, suka wayi gari wata Juma'ar, 18 ga wata.

Mafi yawan kuɗin Rasha ta kashe su a Turai wajen sayen kayan shimfiɗa layin dogo. Rububin zinariyar garin Nome na Alaska sai 1899, gano man fetur na Prudhoe Bay a arewacin Alaska sai 1968, shekara ɗari da ɗaya bayan cinikin. Su kuwa Tilingit da Alut da sauran 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka ninka Rashawa yawa sau da dama, babu wanda ya nemi jin ta bakinsu. Sai a 1971 Amurka ta yi dokar da ta mayar musu da eka miliyan 44 tare da diyyar dala miliyan 962.5.