Dalilin da ya sa likita ya haɗa wa Hajiya maganin ido biyu

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Jos, mahaifiyata takan ce ji take yi kamar an watsa mata yashi a ido. Bana da abin ya tsananta muka kai ta wurin likitan ido, ya saƙala wata siririyar takarda a fatar idonta ta ƙasa har minti 5, amma jiƙewar ba ta kai milimita 5 ba. Ya ce, "Hajiya, idonki ba ya samar da isasshen hawaye, kuma kumburi ne ya hana shi."

Magani biyu ya rubuta mata. Na farko shi ne siklosporin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2002 da sunan Restasis. Ana ɗiga shi safe da yamma, yana kwantar da kumburin da ya danne wurin da hawaye ke fitowa, har ido ya koma samar da nasa ruwan. Sai dai yana da jinkiri, domin yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa sosai, ga shi yana yin yaji a farko, abin da ke sa mutane da yawa su ajiye kwalbar. Shi ya sa likitan ya haɗa shi da sitiroyid mai sauƙi na 'yan makonni, wanda ke rage raɗaɗi nan da nan, ya riƙe majinyaci har na farkon ya fara aiki.

Wannan na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, saboda irinsa Hajiya ta daɗe tana saye a wani kemis na unguwarmu ba tare da takardar likita ba, tana yabonsa don yana kawar da jan ido cikin kwana biyu. Daɗewa a kansa na iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma hawan jinin ido ba ya yin sallama kafin ya ci gani.

Na kuma karanta cewa a 2021 an fito da Tyrvaya, wanda ake fesawa a hanci ya motsa jijiyar da ke sa hawaye, ko da yake yawancin masu amfani da shi suna fama da atishawa.

Hajiya dai ta gama sitiroyid ɗinta, an auna ƙarfin matsin idonta an ce lafiya lau. Yanzu wata 2 ke nan tana kan siklosporin, kuma ta koma karatun Alƙur'ani bayan sallar asuba ba tare da tana murza ido ba.