Godiya ga mutanen Wusasa

Mun iso gida lafiya, Inna kuma ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Shekara da shekaru tana cewa a kai ta Wusasa ta ga kabarin mahaifinta kafin ƙafa ta gama ƙi, mu kuma kullum sai an yi albashi, sai damina ta wuce. Ranar Asabar dai Allah ya nufa.

Godiyata ta farko ga dattijon da muka tarar a gindin bishiya kusa da tsohuwar majami'ar St. Bartholomew. Ba mu sanar da kowa zuwanmu ba, ƙofa kuma a kulle, amma da ya ji abin da ya kawo mu sai ya aika aka karɓo makulli. Baba, Allah ya ƙara girma. Ni da na saba da cocin bulo da kwano, ban zaci ginin ƙasa zai sa in yi shiru haka ba. Bango mai kauri, ciki sanyi ƙalau kamar zauren sarakunan da, ga rana kuwa tana dukan waje. Aikin maginan Hausa ne tsantsa, tun lokacin da mishan ɗin Dakta Miller ta fito daga cikin birnin Zazzau ta koma Wusasa a 1929. Baba ya ce mu dafa bangon, muka dafa. Inna ba ta dafa ba, benci ta samu ta zauna tana rera wata waƙar sujada a hankali, wadda ni ko baitin farko ban iya ba. Na ji kunya, gaskiya.

A makabarta ne aka sha aiki. Ciyawa ta kai gwiwa, Inna kuma sai ta nuna nan, ta dawo ta nuna can. Samari biyu suka zo da adda ba wanda ya roƙe su, suka yi ta sara har muka kai ga wani kabarin siminti da ya tsage, gicciyensa ya karkace, rubutun ya shafe. Ƙaramin cikinsu ya karɓi ruwan leda a hannuna ya zuba a kai, ya goge da tafin hannu, sai haruffa suka fito ɗaya bayan ɗaya. Sunan kakanmu ne. Na miƙa musu ɗan abin shan ruwa suka ƙi karɓa, ku yi haƙuri ban ma tambayi sunayenku ba.

Sai Hajiyar da ke maƙwabtaka da wurin, wadda ta hango tsohuwa a rana ta aiko da kujera da kunun zaki. Hajiya, Allah ya saka da alheri, Inna tana gaishe ki.

Mun so mu leƙa asibitin St. Luke's da unguwar da Janar Gowon ya tashi, amma ƙafar Inna ta kumbura. Za mu dawo bayan kaka da buhun siminti da magini.