Na ɗauka makaranta nake taimaka wa

Ƙannena, ranar da na fara buga cacar ƙwallo ban kira ta caca ba. Cewa na yi ina taimakon ilimi, kuma wannan ƙaryar da na yi wa kaina ce ta fi cin kuɗina.

A Niyok nake zaune ina tuƙin tasi lokacin da jihar ta buɗe cacar wasanni ta waya a Janairun 2022. Kafin nan, a 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta rushe dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta wannan harka, sai jihohi suka yi ta rububi. Niyok ta sa haraji na kashi 51 cikin 100 a kan ribar kamfanonin, aka ce mafi yawansa makarantu za a kai. Ni kuwa ina da 'ya a firamare. Sai shaiɗan ya kawo mini lissafi mai daɗi: in na ci, nawa ne, in na faɗi, na 'yata ne. Wa ya ga banza.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne ma'anar kalmar riba a nan. Ribar kamfani ita ce abin da masu bugawa suka yi asara. Kafin makaranta ta ga dala 51, sai wani ya zubar da dala 100 daga aljihunsa, sauran 49 kuma su wuce wa kamfani. A jihar Mizuri ma, inda masu zaɓe suka amince da dokar halatta cacar wasanni a Nuwamban 2024 da ratar ƙuri'u 'yan dubbai, kashi 10 kacal ne harajin, alhali da hoton aji da malamai aka yi ta tallar neman ƙuri'a. Wato ka rasa ɗari, yara su samu goma, ita ma bayan an cire kuɗin gudanarwa da na kula da waɗanda cacar ta kama. Da mutum ya zo ƙofar gidanka yana tara gudummawa a kan wannan sharaɗi, da ka kore shi.

Kuma an gina wasan ne don ka faɗi. A fare na yau da kullum, sai ka ajiye dala 110 ka ci 100. Wannan goman ita ce gishirin kamfani, ko wa ya ci wasan. Ni ban ma tsaya nan ba, tikiti mai wasa bakwai ko takwas nake haɗawa, wanda sai duk sun shiga sannan ka ci, irin wanda dala biyar za ta iya komawa ɗaruruwa, wanda kuma kamfanoni suka fi so domin a nan rabonsu ya fi tsoka. Ina tuna wani dare ina fake a bakin filin jirgi ina jiran fasinja, waya a kan sitiyari, wasa shida sun shiga, na bakwai ya yanke a minti na ƙarshe. Fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi sau biyu ban ji ba. Kafin in tayar da mota na riga na haɗa wani tikitin, wai in farfaɗo.

Akwai kuma abin da sai daga baya na fahimta game da kasafin kuɗi. In an ce an ware wa ilimi kuɗin caca, ba lallai ne kuɗin makarantu su ƙaru ba. 'Yan majalisa na iya rage abin da suke bayarwa daga babban asusu, su cike gurbin da na caca, su kai rarar wani wuri. An daɗe ana wannan ƙorafi a kan kuɗin reful na jihohi da dama. A Niyok harajin cacar wasanni ya haura dala biliyan ɗaya a 2024, adadi mai tsoratarwa a kunne, amma tallafin da jihar ke ba makarantu a shekara ya wuce biliyan 30. Makarantar 'yata ba ta taɓa jiran tikitina ba.

Ba na musun cewa halattawa na da hujjarta. Masu goyon baya suna cewa ana bugawa ko an hana, gara a fito da ita fili a karɓi haraji. Ku yi wannan muhawara da hankalinku. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku yarda a haɗa muku ita da allon makaranta. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ba ta musanta cewa akwai wani amfani a caca ba, sai ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma. Na san ayar tun ina yaro, na haddace rabin da ya yi mini daɗi.

Matata ce ta gano, da ta ga takardar banki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauko takardar da malamar 'yarmu ta aiko ta jerin kayan aji, littattafai da fensir da sauransu, wadda na ce a jira sai ƙarshen wata, ta ajiye ta kusa da ta bankin, ta shige ɗaki. Washegari na sa sunana a rajistar masu haramta wa kansu caca da hukumar jihar ke riƙewa, na goge manhajojin, na ba ta katin bankina ta riƙe wata shida. Da yamma muka je muka sayo kayan ajin gaba ɗaya, kuɗinsu bai kai abin da na zubar a daren filin jirgin ba.